Jikin da Ya Daina Karɓa

Babana da hannu yake auna rago. Ba ya tambayar abin da aka ba shi, ba ya sauraren rantsuwar dillali. Zai dafa gadon bayansa, ya matsa ƙugu da 'yan yatsu, ya damƙi cinya, sannan ya karkaɗe hannu ya ce, "Wannan yana karɓa," ko kuwa, "Wannan ba ya karɓa." Rago mai karɓa shi ne wanda in ya ci harawa da dusa suke zama nama a jikinsa. Wanda ba ya karɓa kuwa, ko rumbu guda ka juye masa, shara kawai zai tara maka. Da wannan sana'a ya raine mu a Kontagora. Bayan kowace Babbar Sallah zai tafi kasuwar Beri ya sayo ramammun raguna a hannun Fulani, ya ɗaure su a turke a bayan gida, ya yi ta hidimarsu har shekara ta zagayo.

Ni kuwa karatu ya ja ni har na ƙare a ɗakin gwaje-gwaje na wata jami'a, nesa da gida, ina kiwon ƙwayoyin halitta a cikin 'yan faranti. Su ne ƙananan abubuwan da jikin mutum ya ginu da su, ido ba ya ganinsu sai da madubin ƙara girma. Abincinsu da nake bibiya ana ce masa amino asid, wato ɓarɓashin da nama da wake da ƙwai suke komawa bayan ciki ya narkar da su. In ya isa ga ƙwaya, zaɓi biyu gare ta. Ko ta harhaɗa shi ta gina furotin, wanda da shi ake yin tsoka, ko ta farfasa shi ta ƙona don ta sami ƙarfi. Kamar karan dawa ne a ƙauye, ana yin darni da shi, ana kuma cusa shi a murhu. Aikina shi ne in sa wa abincin alama, in ba su, in jira, sannan in auna nawa ya tafi gini, nawa ya tafi wuta. Na kuma sha ganin abin da suke yi idan aka matsa musu. Daina gini suke yi, su koma suna tumɓuke darnin da suka riga suka kafa suna turawa a wuta.

Ranar da na yi wa Baba wannan bayani dariya ya yi har da buga cinya. Sunan mahaifiyarsa aka sa min, don haka bai taɓa kirana da komai ba sai Uwata.

"Ashe ke ma 'yar turke ce, Uwata," in ji shi. "Ni ina kiwon abin da ake gani, ke kina kiwon abin da ba a gani. To naki ragunan yaushe za su kai Sallah?"

Ciwon da ya kama Baba ya fara masa da ƙin nama. Mutumin da ba ya tashi daga kan kwano sai ya tsotse ƙashi, sai ga shi yana ture tsoka gefe yana cewa ƙarni yake ji. Daga nan mazagin wandonsa ya fara yi masa yawa. Da yayana ya kai shi babban asibiti aka yi hoto aka ɗebi nama, sai likita ya ce ciwon daji ne a cikinsa, kuma ya yi nisa, ya wuce aiki. Aka ba shi magungunan rage zafi aka ce a dawo da shi gida. Na ɗauki hutu na taho.

Na tarar ya sayar da ragunansa, dama tun da hanyar Beri ta lalace da 'yan bindiga ya rage zuwa. Guda ɗaya ya bari, wani uda mai baƙin gaba da farin baya, wanda ya ce shi ne na layyarmu. Kullum da hantsi zai laluɓo sandarsa, ya tako a hankali daga ɗaki zuwa bayan gida, ya dama dusa da ruwan kanwa, ya zuba harawa, ya zauna a kan kifaffen turmi yana kallon ragon yana ci. Wani lokaci har hira yake yi masa, yana ce masa marar kunya, mai ciki kamar rijiya. Wannan 'yar tafiya ita kaɗai ta rage masa a duniya. Yayana ya so ya karɓe masa aikin, na hana, don na san tsokar da ake motsawa ta fi jinkirin zubewa. Ragon kuwa sai cika yake yana batsewa, mai shi yana ƙanƙancewa a gabansa.

Sai Inna, mahaifiyata. A wurinmu jikin miji shaidar matarsa ne. In namiji ya yi kumatu, abokansa su tsokane shi a majalisa su ce madalla da mai ɗaki. In ya rame, ba wanda zai ce komai, amma idon kowa madafa yake kallo. Inna ta yi rayuwar aurenta duka tana tinƙaho da wuyan Baba da kafaɗunsa, kuma ba ƙarya, girkinta ne. Da ta ji an ce daji, ba ta yi kuka a gabanmu ba. Ɗamara ta ci ta shiga madafa. Kunun gyaɗa da safe, ƙwai a cikin shayi, farfesun kaza, hanta, fura da nonon da wata Bafillatana take kawo mata tun da ɗuminsa. Za ta ajiye kwano ta tsaya a kansa, hannu a ƙugu.

"Malam, ƙara loma ɗaya."

"Na ƙoshi."

"Ƙoshin me? Me ka ci? Loma ɗaya dai, don Allah."

Sai ya ƙara. Ina kallon maƙogwaronsa yana kai-komo, gumi yana tsattsafo masa a goshi. Don ita yake ci, kowa ya san haka ban da ita. Wani abincin ya dawo, wani ya zauna, amma ko wanda ya zauna ɗin ba a ganin inda ya shiga.

Na zo da tef irin na tela, ina auna damtsensa lokaci-lokaci, don ni abin da ban auna ba ban yarda da shi ba. Wata rana muna bayan gida, ragon yana ta gurzar harawa, na zagaya masa tef ɗin ina ƙoƙarin ɓoye fuskata. Ya janye hannunsa.

"Uwata, ajiye igiyar nan."

Ya ɗage rigarsa, ya dafa cinyarsa, ya matsa da 'yan yatsu yadda na ga yana yi wa raguna tun ina goye. Ya daɗe yana matsawa. Sannan ya karkaɗe hannu.

"Ba ya karɓa," ya ce.

Ya tambaye ni yadda abin yake a namu karatun, na gaya masa iyakar abin da na sani. Ciwon yana aika saƙo cikin jini, tsoka ta daina gini ta koma rushe kanta, abin da ta rushe kuma a kwashe a ƙona, wani ciwon ya cinye. Abincin da yake ci yana isa, amma ba a ɗora shi a kan komai. Ya gyaɗa kai kamar an gaya masa farashin da dama ya sani.

"To ki gaya wa uwarki. Kashe kanta za ta yi a bakin murhu."

"Na gaya mata, Baba."

"Ki sake."

Na sake. Na same ta tana fige kaza, na tsuguna na fara kawo mata zancen darni da murhu. Ba ta ko ɗago ba. Ta ce, "Ke naki a faranti suke, nawa mutum ne. Matsa min in wuce." Raina ya ɓaci, na tashi ina ƙunƙuni. A lokacin gani nake taurin kai ne kawai irin nata, wanda ni ma na gada.

Ana haka Gwaggo ta iso. Yayar Baba ce, a Mashegu take aure, ta zo a bayan babur da doya ɗaure a buhu, ƙafafunta sun yi jawur da ƙasar hanya. Tana shiga ɗaki ta gan shi ta saki salati, ta faɗi a gabansa tana kuka tana shafa ƙafafunsa. Kukan gaskiya ne, ba zan ɗauke mata wannan ba, ita ta goye shi. Amma tana share hawaye ba ta zame ko'ina ba sai madafa. Ta bi tukwane tana buɗewa ɗaya bayan ɗaya, Inna tana tsaye a bakin ƙofa kamar baƙuwa.

"Wannan ruwa-ruwan kike ba ɗan'uwana? Namiji kamar wannan, kunu? Kaza? Yo kaza me gare ta?"

"Yaya, ba ya iya cin mai nauyi," in ji Inna a hankali.

"Ba ya iya ci, ko ba a ba shi? Ga rago can a bayan gida yana neman fashewa, mai shi yana bushewa kamar kara. Duk ƙarfinsa ya juye wa dabba. A yanka shi, a yi sadaka da rabi, sauran a dafa masa. Abin da ya ɗura wa ragon ya dawo jikinsa."

Nan na shiga. Na ce Gwaggo, ko bijimin sa aka kayar ba abin da zai zauna a jikinsa, ciwon ne ba ya bari. Na ce ragon nan shi ne yake tayar da shi daga shimfiɗa, in aka yanka me zai fita yi? Ta dube ni sama da ƙasa.

"Ji min 'ya. Boko ta cinye miki tausayi. Ubanki yana mutuwa kina tsaron rago?"

Wallahi ban san lokacin da muryata ta hau ba. Na ce mata ita da ta zo yau me ta sani, ina take lokacin da ake kwana ana tashi da shi? Inna ta daka min tsawa, ta ce in rufe wa gwaggona baki ko ta ci mutuncina. Na juya na kalle ta. Idonta a ƙasa yake, tana murza bakin zaninta. A nan na gane ba taurin kai ba ne. Tsoro take ji, tsoron ranar da za a ce a hannunta ya bushe.

Gwaggo ta kai maganar gaban Baba. Ya saurare ta har ta gama. Bai dube ta ba, bai dube ni ba, Inna ya kalla, wadda take raɓe a jikin labule. Ya daɗe yana kallonta.

"Ku yanka," ya ce.

Da suka fita na zauna a bakin gadonsa ina huci. Ya ce, "Uwata, in na hana, ba za a ce ni na hana ba. Za a ce uwarki ce ta yi min rowa." Ya juya fuskarsa bango.

Washegari aka kira wani mahauci maƙwabcinmu. Baba bai fito ba, amma ɗakinsa ba shi da nisa da turken, ya ji komai, har da shure-shuren. Mahaucin yana fiɗa yana santi, yana cewa bai ga kitse irin wannan ba a bana. Kamar yadda aka saba, hanta aka fara gasawa aka kawo wa maigida. Inna ce ta kawo da kanta, Gwaggo a bayanta. Ya ɗauki yanka ɗaya ya juya shi a haske, ya duba shi da idon sana'a.

"Kai, ya karɓa, marar kunyan nan," ya ce.

Ya sa a baki ya yi ta tauna, ya haɗiye da ƙyar. Ya ƙara na biyu. Gwaggo ta ce alhamdu lillahi, kun gani ko? Kafin ta rufe baki ya nuna min roba da hannu, na miƙa masa, duk ya dawo har da abin da ba hanta ba. Gwaggo ta ce ciwon ne yake fita. Kwanakin da suka biyo baya gidan ya cika da ƙamshin romo da suya, ƙamshin da ko ya shaƙa sai zuciyarsa ta tashi. An yi sadakar, an kai wa maƙwabta, har almuru ana ta godiya a zaure. Gwaggo ta ɗaure kayanta ta koma Mashegu da sauƙin zuciya, ta ce ta sauke nauyin zumunci.

Safiyar da ta biyo bayan yankan, da hantsi, na ga ya laluɓo sandarsa. Jiki ya saba. Ya tako har bakin ƙofa, ya tsaya, ya hango turken da igiya a yashe da ragowar harawa a ƙasa. Ya ɗan jima a tsaye. Sai ya juya ya koma ya kwanta, ya jingine sandar a bango. Bai sake ɗaukarta ba. Ba zan ce da an bar ragon da Baba ya rayu ba, ƙarya ke nan, ciwon ya riga ya gama shirinsa. Amma na ga yadda ƙafafunsa suka zube bayan nan, da sauri, har ya kai sai an ɗaga shi an juya. Na daina fito da tef ɗin. Haushin Gwaggo kuwa har yau bai gama sakina ba, ko da yake na san da ƙauna ta yi.

Ana saura kaɗan ya rasu, wata la'asar, ya sa na kira masa Inna. Ta shigo da kwano kamar kullum. Ya ce ta ajiye. Ya kamo hannunta ya ɗora a kan cinyarsa, inda babu komai sai ƙashi da fata, ya danna yatsunta da nasa.

"Kin ji? Kin zauna da ni kina ganin raguna. Akwai wanda nake ba harawa mai kyau, dusa mai kyau, ya ƙi. Kin taɓa jin na ce laifin harawa ne?"

Ta girgiza kai, ya ci gaba.

"Ba girkinki ba ne. Jikin ne ya daina karɓa. Ga Uwata nan, ita ma shaida ce."

Inna ta zare hannunta a hankali, ta gyara masa mayafi. Ta ce, "Romon ya huce, bari in ɗumama maka." Ta ɗauki kwanon ta fita. Ya bi ta da kallo, sannan ya dube ni, ya ɗan ɗaga kafaɗa.

Bai kai Sallah ba. Waɗanda suka ɗauki makararsa sun dawo suna cewa kamar ba kowa a ciki. A zaman makoki ina raba ruwa na ji wata mata tana raɗa wa ta kusa da ita cewa bawan Allah ya bushe ƙwarai, sai ka ce ba a gida ya yi jinya ba. Gwaggo, da ta dawo da kumburarrun idanu, ta amsa da ƙarfi yadda kowa zai ji: "Mu dai mun yi namu. Da na zo har rago na sa aka yanka." Inna tana zaune a kusurwa da carbi. Yatsunta suka tsaya, sannan suka ci gaba.

Ta shiga takaba ta daina cin abinci. Ba ta ce ba za ta ci ba, sai dai ta taɓa ta ture. Madafar da ta yi mulki a ciki ta bar min, ko leƙawa ba ta yi. Na ƙara hutu na zauna. Ina kallon wuyanta yana zurmawa, kuma wannan karon na san babu wani ciwo a jikinta da yake hana gini. Ita ce ta hana.

Sallah ta zo, ba mu yi layya ba. Amma maƙwabtan da Baba ya yi shekaru yana aika wa cinya da haƙarƙari ba su manta ba. Tun azahar ake sallama ana miƙo nama, har na rasa inda zan zuba. Na yi romo mai sauƙi, na tuƙa tuwon shinkafa, na kai mata ɗaki. Tana zaune a kan tabarma, ta jingina da gadonsa. Ta kalli kwanon ta kau da kai.

"Ke da kike aunawa," ta ce, ba tare da ta dube ni ba. "Ki gaya min tsakaninki da Allah. Na ga ya haɗiye. Ba duka yake dawowa ba, da idona na ga ya haɗiye. Ina abincin ya tafi?"

Wannan ne karo na farko da ta tambaya. Na zauna a gabanta na gaya mata, ba darni ba murhu, kai tsaye. Na ce ya isa cikinsa, ya narke, ya shiga jini, jikin ya ƙone shi maimakon ya gina da shi. Na ce ko duk ragunan Kontagora ta dafa masa haka za a yi.

"Da na fara da wuri fa?"

"Haka za a yi, Inna."

"Da na bar masa ragonsa?"

Nan na yi jinkiri, kuma ta ga jinkirin. Na ce da ya ƙara 'yan kwanaki yana fita, amma ƙarshen ɗaya ne. Ta gyaɗa kai. Na tura mata kwanon, ta girgiza kai. Sai na ji bakina yana faɗar abin da na yi watanni ina jin haushinsa a bakinta.

"Loma ɗaya, Inna. Don Allah, loma ɗaya dai."

Ta ɗago ta dube ni, ta gane maganarta ce. Ta wanke hannu, ta gutsuro tuwon, ta dangwala a romo, ta riƙe shi a gaban bakinta.

"Wannan fa, ina za ta tafi?"

"Jikinki za ta, Inna. Naki yana karɓa."

Ta sa lomar a baki ta haɗiye. Sai hawayen da ba ta yi a asibiti ba, ba ta yi a ranar rasuwa ba, suka ɓalle mata.

"Shi ne abin da ya fi min ciwo," ta ce. "Nawa da ba na so, shi yake karɓa."

Na bar ta ta yi kukanta. Da ta lafa na sake matso mata da kwanon.